Dakta Na-Sin da Saiwoyin da Ba Sa Ga-Maciji

Duk faɗin Makarfi, har ka dangana da Kudan da Ikara, babu wanda Allah ya buɗe wa sirrin itatuwa kamar Alhaji Dakta Zulkifilu Na-Sin. Wasu sai sun shekara shida a jami'a kafin a kira su dakta. Shi kwana goma sha ɗaya ya yi a ƙasar Sin, kuma saro injin matsar rake ne ya kai shi. Baiwa ke nan.

A can ya sayo wata doguwar takarda mai hotunan ganyaye da saiwoyi, jerin magunguna goma sha takwas da masu maganin gargajiyar Sin na da suka ce kada a haɗa wasunsu da wasu. Masanan ƙasar har yau suna ja-in-ja a kan jerin. Dakta ya raba musu gardama a yini ɗaya, ba tare da ya karanta ko harafi guda ba. Hoto ya bi. Ganyen da ya yi kama da sabara ya zama sabara. Saiwar da ta yi kama da ta marke ta zama marke. Akwai wata ciyawar teku da ya rasa irinta a dajinmu, sai ya ce ai tafasa ce ta ƙoshi da ruwa.

Ya buɗe shago a bakin kasuwa, ya ɗinka farar riga, ya rataya abin sauraron ƙirji a wuya. Ba a taɓa ganin ya sa shi a kunne ba, kada ya tsufa.

Da masu maganin gargajiya suka yi taro a Ikara, wani dattijo, Malam Gambo, ya ce shi dai ya tashi ya tarar ana dafa sabara da marke a tukunya ɗaya, bai ji wanda ya mutu ba.

"Baba Gambo," in ji Dakta, yana gyara zaman rigarsa, "kakanninka sun taɓa hawa jirgin sama? Ilimin nan shekara dubu biyu ya yi yana jiran wanda zai kawo shi Arewa. Itatuwa ma suna da abokan gaba! Ni na san su ɗaya bayan ɗaya."

Aka yini ana kace-nace, aka ci shinkafa, aka naɗa Dakta shugaban kwamitin bincike. Inda babu ƙasa, nan ake gardamar kokawa.

A wannan damina ne zazzaɓi ya kama Juwairiyya, 'yar Lado, wani manomin dawa a Gazara. Shekararta huɗu. A asibiti aka auna jininta, aka ce cizon sauro ne, aka ba da ƙwaya ta kwana uku. Ta sha ta yini ɗaya, jikin bai sauka ba, hankalin uwarta Bilki ya tashi. Suka kawo ta wurin Dakta.

Bai taɓa goshinta ba. Takardarsa ya nuna musu da sanda.

"Ƙwayar asibiti da sassaƙena ba sa zama a ciki ɗaya. Wannan ita ce gaba ta goma sha tara, ni na gano ta, mutanen Sin ma ba su kai nan ba. Ku zaɓi ɗaya."

A asibiti minti biyu aka ba su. Dakta ya ba su awa guda, har da kujera. Suka ajiye ƙwayar.

Ranar kwana na huɗu Juwairiyya ta fara sanƙarewa. Ta cika a kan babur a hanyar asibiti, tsakanin uban da uwar, kafin su hau kwalta.

Dakta mutum ne mai zumunci. Ranar sadakar uku ya zo da farar rigarsa, ya zauna a tabarmar gaba. Bayan an shafa fatiha ya juya ga Lado.

"Malam Lado, ya ƙarin haƙuri? Amma don amfanin ilimi, me ta ci bayan maganina?"

"Kunun tsamiya," in ji Lado.

"Kun ji ko, jama'a! Tsamiya! Da an tambaye ni..."

Sai wayarsa ta yi ƙara. Maiɗakinsa ce. Ya tashi ya koma gefen zaure, amma muryar da ta saba cika kasuwa ba ta san raɗa ba.

"Yaronmu Auwal? Tun yaushe jikin ya yi zafi? A'a, a'a! Kada ki kuskura ki ba shi komai daga shago, ko cokali ɗaya. Kira Yahuza direba ya kawo mota, ku wuce asibiti yanzun nan. Duk abin da suka rubuta ki ba shi har ya ƙare, kin ji ni?"

Ya kashe wayar, ya juyo. Mutum arba'in na zaune a kan tabarmi, duk sun ji abin da ya faɗa. Malam Gambo ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

Lado ya miƙe, ya ɗauko wa Dakta takalmansa, ya ajiye a gabansa.

"Hanzarta, Dakta," ya ce. "Allah ya ba yaron lafiya."