Na'urar Auna Rana Ta Samu Inuwa

Yau da rana tsaka na dawo gida na tarar da Baba zaune a kan kututture, ya ɗora kwali a ka. Kututturen nan makon jiya mangwaro ne. Baba ne ya shuka abinsa, kuma tun da ƙafa ta ƙi, a inuwarsa yake wuni, don ɗakinsa da rana tanda ne.

Manya ne suka sa aka sare. Sun girke wata na'ura a filin da ke kallon gidanmu, wai za ta auna maganaɗisun da ke kewaye da rana. Malamar da ke kula da ita ta yi min bayani tiryan-tiryan: in maganaɗisun ya cukurkuɗe, sai rana ta yi aman wuta, waya ta rikice, lantarki ya ɗauke. Na ce, "Ranki ya daɗe, namu lantarkin ba ya jiran rana." Ta ce ita dai rassan mangwaro na tare wa na'ura haske. Baba ya ce, "In don ilimi ne, a sare." Wallahi sai da na yi ƙwalla.

Ana gobe bikin buɗewa, wani mai hangen nesa ya tuna cewa Mai Girma Uban Almakashi ba ya tsayuwa a rana. Nan da nan aka kafa rumfar kwano a kan na'urar, da ginshiƙan siminti, har da fanka. Mai Girma ya zo ya yanka ƙyalle, ya leƙa ciki ya ga duhu, ya ce, "Madalla, rana lafiya lau take." Muka tafa. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, balle mu da aka sare namu.

Malama ta roƙa a cire rumfar, aka ce ba a rushe abin da ke ɗauke da sunan Mai Girma. Ni kuma na roƙa a bar Baba ya riƙa zama a ƙarƙashinta. Mai gadi ya ce, "Haba, malam, so kake ya tare wa na'ura haske?"

Da na kawo wa Baba amsa, sai ya gyara kwalinsa ya ce, "To, ka gaya musu, duk ranar da suke son sakamako, su zo su taɓa ƙeyata."