Tsaftar da Na Yi wa Tumatirin Duktura

Abubuwa da yawa sun fice mini daga kai, amma ba zan taɓa mantawa da wata Alhamis a ɗakin renon shuka ba. Har yau in na tuna sai na ji kunnuwana sun yi zafi.

Ni 'yar mai ganye ce. Mahaifiyata lalo da jarjir take sayarwa a kasuwar Umdurman, kuma tun ina ƙarama ta koya mini cewa ganye mai tabo ba ya hawa faifai. Hannuna kan tsince shi kafin idona ya gama gani. Da wata maƙwabciyarmu a unguwar Alsawra ta samo mini aikin gwaji na wata uku a wata cibiyar binciken noma a Khartum, sai na tafi ina hura hanci. Har cewa na yi noma a jinina yake, tun da kakannina a gonakin audugar Jazira suka tsufa. (Ko fartanya ban taɓa riƙewa ba.)

Aikina ban ruwa ne da wanke tukwane. Shugabata, Duktura Nafisa, ta shekara biyu tana bin ƙauyuka tana karɓar irin tumatir a hannun manoma, tana neman wanda zai jure wata cuta da ke cinye musu gonaki. Ran Talata ta zo da sirinji marar allura ta ɗura ruwan ƙwayar cutar a ganyen kowace shuka. Ta yi mini dogon bayani, ina ta "tamam, tamam", wato na gane, alhali hankalina yana wajen mai shayin bakin ƙofa.

Ran Alhamis aka ce baƙi za su zo, waɗanda za su yanke ko aikin zai ci gaba ko a rufe shi. Na yi sammako don in burge. Ina shiga na ga tukwane sha ɗaya ganyensu ya yi busasshen tabo kamar an ɗiga musu garwashi, sauran kuwa kore shar. Na ce a raina wannan abin kunya ba za a gan shi a gabana ba. Na loda su a baro na tura wa Ammu Haruna, dattijon da ke kula da lambun cibiyar, na ce ya kai ramin ƙona shara. Ya tambaya ko Duktura ce ta ce. Na ce ni na ce, har da gyara mayafi. Na koma na matsa sauran tukwanen don kada giɓi ya fito.

Da hantsi Duktura ta shigo da baƙi huɗu, tana gaya musu yau za su ga shukokin da suka yi faɗa da cutar. Ta tsaya. Ta duba layi na farko, ta duba na biyu, ta tambaye ni ina masu tabon. Ni kuwa, uwar iya, sai na matso gaba ina murmushi.

"Marasa lafiyan? Ai na fitar da su, Duktura. Na sa a ƙona."

Ba ta yi mini tsawa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Juyawa ta yi ga baƙin, ta yi musu bayanin da ta yi mini ran Talata. Wannan karon na ji kowace kalma. Ashe shuka mai ƙarfi in ta gane cuta ta shige ta, da kanta take kashe ƙwayoyin jikinta na daidai wurin, don cutar ta rasa abin ci ta tsaya nan. Ƙwayoyin da ke gefe kuma sai su riƙa cinye tarkacen da ya lalace a cikinsu, don kada mutuwar ta bazu ta ci ganyen duka. Tabon nan shi ne shaidar nasara. Korayen da na jera ina alfahari ko sanin an shige su ba su yi ba, nan da kwanaki za su kwanta. Kuma uku daga cikin sha ɗayan nan, ba ta da sauran irinsu ko ƙwaya.

Ban san lokacin da na fita da gudu ba, takalmi ɗaya a ƙafa. Na isa ramin na tarar ba hayaƙi. Can ƙarƙashin darbejiya na hango Ammu Haruna zaune, tukwanen na jere a inuwa, kowanne da takardar sunansa, har ruwa ya ba su.

"Ya bitti, 'yata, zauna ki yi numfashi," ya ce. "Mu a Jazira, shukar da ta yi ɗan ƙuna ta tsaya ba ma tuge ta. In gobara ta taso, ai kai ke ƙona gefen gonarka da hannunka. Na ce bari in jira mai abu."

Ni na turo baron da kaina har gaban baƙi, tayarsa na ƙara, ina sharar hawaye da gefen mayafi. Ɗayansu ya juya baya, kafaɗunsa na girgiza don dariya. Suka duƙa suna duba tabon nan kamar zinariya, kuma kafin su tafi suka ce aikin ya ci gaba.

Da la'asar Duktura ta kira ni ofis. Na riga na ɗauki jakata, ina tunanin abin da zan faɗa a gida. Ta ce ta sake duba tukwanen duka, ba ko ɗaya mai tabo da na bari, ba kuma ko ɗaya marar tabo da na ɗauka. Ta ce idona yana da amfani, kaina ne ke buƙatar gyara, kuma wannan ita za ta ji da shi. Daga ranar ta ba ni aikin duba ganye da auna tabo kowace safiya. Biyu daga cikin tukwanen nan, jikokinsu ne aka fara gwadawa a gonakin manoma.

Abin da na koya kaɗan ne, amma da zafi na koye shi. Yanzu in na ga abu da tabo, shuka ko mutum, ba na gaggawar nemo baro. Sai na fara tambayar wane faɗa ya yi.