Ruwan Butata

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi alkawarin fitar da wuta daga ruwa a ƙofar gidan mai unguwarmu a Funtuwa ba. Farkon shekarun tamanin ne, ina ƙaramin malami a jami'a a Zariya, ba a daɗe da liƙa min "Dakta" ba, kaina kuwa ya fi hulata girma.

Aikina a taƙaice shi ne: ruwa iska biyu ne a haɗe, ɗaya daga ciki tana kamawa da wuta. Ni kuma ina neman wani garin sinadari mai ƙarfe a cikinsa, wanda in an zuba shi a ruwa aka ajiye a rana zai raba su. Na yi wa Babana bayanin nan ya fi sau goma. Shi manomin auduga ne, abin da ya dame shi ɗaya ne: duk inda ya zauna abokansa na tsokanarsa cewa ɗansa Dakta ne amma ko allura bai iya ba. Da na zo hutu sai ya ce in taimake shi in nuna musu aikina ido da ido, ko ya samu ya ɗaga kai. Na ce wannan ai abu ne mai sauƙi. (A ɗakin bincike, iskar da nake tarawa a mako guda ba ta cika kwalbar turare ba. Ban ga dalilin faɗa masa haka ba.)

Garin sinadarin nawa ɗan gata ne, ba ya aiki sai da tataccen ruwa. Da na koma ɗauko kayan aiki, don kada kwalba ta fashe a mota, sai na yi dabara irin ta masu ilimi, na sayi sabuwar buta na ɗura ruwan a ciki tun daga Zariya.

Aka sa rana, bayan Azahar, lokacin da rana ke tsakiyar ka. Na iso da kayana, aka kira salla, na ajiye butar a gindin bangon masallaci na shiga sahu. Ni da aka haifa a garin nan, na san buta a bakin masallaci ba ta da mai ita. Da muka fito na tarar da ita wayam. Wani dattijo har yana ƙorafi cewa ruwan wannan butar salam yake, ko kurkure baki ba ya daɗi da shi.

Da ina da hankali da na faɗi gaskiya a nan. A maimakon haka na zagaya bayan masallaci na cika ta da ruwan rijiya, na dawo ina taku ɗai-ɗai. An shimfiɗa tabarmi, mai unguwa na zaune, Baba ya sa babbar rigarsa ta Juma'a alhali ranar Talata ce. Na zuba garin a kwalba, na yi jawabi mai tsawo, na ajiye a rana. Ruwan ya yi launin goro, ya dagule, ya kwanta a ƙasa kamar kamu. Muka zuba masa ido, shi ma ya zuba mana.

Da gumi ya ishe ni na furta abin da ya faru. Aka yi dariya, dattijon nan ya tambaya ko alwalarsa ta yi. Sai mai unguwa ya ce in dai tataccen ruwa ne, ai Malam Ila mai cajin batir a tashar mota yana da shi jarka-jarka. Ban taɓa tunanin haka ba. Aka kira Malam Ila, ya iso a keke da ruwan, da wani batirin mota da zai kai wa mai shi.

Na sake haɗawa. Rabin awa muna zaune sannan wani ɗan kumfa guda ɗaya ya taso. Baba ya miƙe tsaye yana nunawa da yatsa. (Har yau ina zargin iska ce kawai ta maƙale a jikin kwalba.)

Malam Ila ya matso cikin ladabi ya ce, "Dakta, wai kumfan nan ake nema?" Na ce eh. Ya karɓi kwano ya zuba ruwan rijiyar da na raina, ya barbaɗa kanwa, ya jona waya biyu a batir ya tsoma. Nan take ruwa ya hau tafasa ba wuta. Ya kifa kwalba ya tari iskar, ya ƙyasta ashana, ta ce fat. Wurin ya kaure da kabbara. Wallahi na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, ban iya kallon inda Baba yake ba.

Muryarsa kawai na ji. "Kun ga? Ila sai da batir. Nawa da rana zai yi, kyauta. Ranar ce ba ta saba ba tukuna." Wasu suka gyaɗa kai, wasu suka rufe baki da hannun riga.

Muka kama hanyar gida ni da Baba har muka kai zaure. Ya cire hula ya dube ni ya ce, "In ka zo gida, ka riƙa leƙa Ila. Mutumin nan ya san aikinka."

Shekaru na yi ina wannan bincike, na rubuta takardu, na yaye ɗalibai. Amma abin da na fi riƙewa a ranar na koye shi: kafin ka tara jama'a ka nuna musu abin mamaki, fara zagayawa tashar mota ka tabbatar babu wanda yake yin sa kullum kafin karin kumallo.