Batirin da Na Kai Masallaci

Ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren ƙanena Sani ba, ko da shi angon ya manta. Ranar ce rabin Gumel ta ji sunana a lasifika, kuma ba zaɓe na ci ba.

Bari in fara da motar. Tsohuwa ce tukuf, ta girmi babbar 'yata nesa ba kusa ba. Shekara da shekaru ba ta tashi sai da turi, shi ya sa nake ajiye ta a gangaren bakin masallacin unguwarmu, har 'yan majalisa suka laƙaba mini Na-Gangare. (Masinjan ofishinmu ya taɓa kirana da sunan a gaban darakta, har yau ban gama yafe masa ba.) Kowace yamma kuma sai na buɗe bonet na cire kan batir, don akwai wata waya a cikinta da ke zuƙar wuta ko motar tana kashe. Duk mai tsohuwar mota ya san wannan aikin.

Wata Alhamis na je kasuwar Maigatari sayen ragon walima, sai na dawo da batir. Wani ɗan Damagaram ne ya miƙo mini shi da hannu ɗaya, ya ce na litiyam ne. "Alhaji, wannan ba ruwansa da ruwan batir, ba ruwansa da turi." Ni da ko filin jirgi ban taɓa takawa ba, ina jin Alhaji kaina ya kumbura. Na ɗaga shi, ba nauyi, kamar kwalin taliya. Ragon dai ƙarami aka saya.

Na ɗaura, na murɗa makulli sau ɗaya, mota ta ɗauka. Wallahi sai da na yi ƙwalla.

Maƙwabcina Yakubu mai wayarin ɗin mota, mutumin Filato ne amma a Gumel ya yi furfura, ya leƙo ya duba. "Oga, batirin yana da kyau, amma cikinsa ƙarami ne, kuma yana da wayo. In wutarsa ta yi ƙasa, kulle kansa yake yi ɗif. Motarka ga ta da zuƙa. Ka ci gaba da cire kan, ko ka kawo in nemo wayar, in duba cajinta ma." Na ce, "Yakubu, ilimin naku na zamanin ruwan batir ne." Haka na gaya wa mutumin da ya tsufa a cikin wayoyin mota. Allah ya yafe mini.

Daga nan kuma iskanci ya buɗe. Na daina cire kan batir. Na bar gangare, na koma ajiye mota a cikin rairayin ƙofar gidana. Na tsaya a majalisa na ce, "Jama'a, na sallame ku daga aikin turi, kowa ya je ya huta." Tsohon batirin kuwa na kai wa ladaninmu, Malam Sale, don lasifikar masallaci, tunda nasu ya mutu. Ban tashi kaiwa ba sai da aka sallame la'asar, masallaci a cike. Malam Sale ya sanar, aka sa mini albarka, na sunkuyar da kai irin na masu tawali'u, ina satar kallon wa ya ji wa bai ji ba.

A Gagarawa za a ɗaura auren, Asabar, ƙarfe sha ɗaya. Kawu Ilu, ƙanen mahaifinmu, shi ne wakilin ango, in babu shi babu mai karɓar aure. Sani ya so a sa shi a bas tare da jama'a, na ce atafau, wakili a motata zai tafi. Tun Laraba na wanke ta, na lulluɓe da tamfol don kada ta yi datti, ina zuwa ofis a keke. Kwana uku ba a tashe ta ba. Ran Asabar na ce wa 'yan bas su yi gaba, zan wuce su a hanya.

Ƙarfe goma Kawu ya shiga gaba da babbar rigarsa da ta sha bugu, ya yi bismilla. Na murɗa makulli. Shiru. Tsohon batir ko ba komai yakan yi ɗan kakari kafin ya mutu, wannan ko fitila ɗaya bai kawo ba.

Da ƙafata na taka majalisa. "Ai mun yi ritaya," in ji wani. Albarkacin Kawu suka taso, suka fizgo ta daga rairayi da ƙyar, suka tura har bakin titi suka dawo, gumi sharkaf, ko tari ba ta yi ba. Yakubu ya fito yana goge hannu. "Ku daina wahalar da kanku. Ya kulle kansa, babu wuta ko ɗigo, turi ba zai yi ba. Sai an sa wani." Bai ce ai na gaya maka ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo.

Motocin unguwa duk sun tafi ɗaurin auren. Baturan shagon Yakubu duk ba caji, an ɗauke wuta tun jiya. Motar tasha sai ta cika. Na ambaci acaɓa, Kawu mai ciwon baya ya yi mini wani kallo, na haɗiye sauran maganar. Sani kuma sai kira yake: liman ya zauna, dangin amarya sun fara tambaya ko fasawa muka yi. Yakubu ya kalli masallaci. Ni ma na kalla.

Na tarar da Malam Sale yana shara. Na yi ƙasa da murya. "Malam, aron batirin nan nake so, zuwa la'asar."

"Wanne? Na sadakar?"

"Shi."

Ya ce ba komai, amma bari ya gaya wa jama'a kada su zauna jiran kiran azahar. Kafin in buɗe baki ya hura lasifika sau biyu.

"Salamu alaikum jama'a. Yau kiran azahar da baki ne, kowa ya kula da agogonsa. Malam Na-Gangare ya zo karɓar batirin da ya bayar sadaka, motarsa ta ƙi tashi. Allah ya ba shi ladan kwanakin da ya yi mana."

Innalillahi! Batirin da ya shekara uku bai tayar da mota shi kaɗai ba, ranar sai da ya kai muryar nan har bakin kasuwa. Matata tana tsakiyar matan unguwa ana dafa abincin walima ta ji, ta ajiye ludayi ta shige ɗaki.

Na saɓo shi a kafaɗa, ruwansa ya ɗiga ya cinye mini sabuwar shadda. Aka ɗaura, aka kai mota gangarenta, 'yan ritaya suka tura, ta tashi. Ana dab da azahar muka isa Gagarawa. An ɗaura auren, amma uban amarya ta saman kaina ya miƙa wa Kawu hannu. Kawu kuwa sai a hanyar dawowa ya yi magana. "Kai, in za ka sake sadaka, ka ba da abin da ba za ka je karɓowa ba."

Yakubu ya farfaɗo da na litiyam ɗin, ya kuma gano wayar. Amma da wace fuska zan mayar wa masallaci tsohon? Na ɗauki sabon na kai wa Malam Sale lokacin da ba kowa, na roƙe shi don Allah kada ya sanar. Bawan Allah ya cika alkawari, bai gaya wa kowa ba.

Don haka har gobe abin da unguwa ta sani shi ne ni ne mutumin da ya ƙwace sadakarsa. Na koma gangare da tsohon batirina, ina gaida 'yan majalisa da ladabi kowace safiya. Abin da na koya? Ka saurari mai wayarin, kada ka sallami masu turi, kuma in ka nace sai an sanar da kyautarka a lasifika, ka tuna lasifikar ba ta manta sunanka ba. Sau biyar a rana ina jin batirina yana kiran salla tangaram, ni da Malam Sale kaɗai muka san nawa ne.