Fim ɗin Manya Ya Sa Ni Ɗibar Ruwa

Jama'a, in kun ga wani magidanci yau bayan la'asar yana tura baro da bido huɗu na ruwa, gumi har cikin ido, kada ku yi ta tambaya. Ni ne, Kailu naku. Ba sana'a na sake ba, hukunci nake yi, kuma alƙaliyar da ta yanke mini shi shekararta tara a duniya.

Bari in faro muku daga tushe. A gidana akwai dokoki biyu, ni na kafa su da bakina. Ta farko, babu fim ɗin da zai hau telenmu sai na kalle shi ni kaɗai tukuna. Ta biyu, duk wanda aka kama da ƙarya, shi zai ɗebo ruwan gida na ranar daga tsohuwar rijiya, wadda ke can bayan makaranta.

Aikin tace fim kuwa ba wasa nake da shi ba. Duk ranar kasuwa nakan kai katin waya rumfar Habibu mai tura finafinai ya cika mini. Sai in samu inuwa in zauna da kayena, wato littafin rubutu, da biro, ina kallo ina rubutu: "Minti ashirin da uku, saurayi ya fara matsowa, a aiki Basiratu ɗebo ruwa. Minti arba'in, rawa da ɗamammun kaya, a yi tari a tsallake." Basiratu ita ce babbar ɗiyata. Yarinyar nan ta sha kawo mini moɗar ruwa a tsakiyar fim, har uwarta Asta ta fara cewa in je likita a auna ni ko ciwon suga ne.

Makon jiya ma na hana wani fim. Babu rawa a cikinsa, babu rungume-rungume, amma wani ɗan iska ya sharara wa ubansa ƙarya, aka tashi fim yana da mota da gidan sama. Basiratu ta yi magiya har da hawaye. Na ce mata, "Ɗiyata, ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Ba za a koya miki ita a gidan nan ba." Ku riƙe mini wannan maganar, za mu dawo kanta.

To, yau da safe na tafi layin mai. Tun rana tana da sanyi nake tsaye riƙe da babur, har inuwata ta shige ƙarƙashin ƙafafuna. Saura mutum uku a zo kaina aka ce mai ya ƙare. Ba mu gama salati ba sai ga wata doguwar mota mai baƙin gilashi ta zagaya ta baya, ta ɗan jima, ta fito tana gyatsa. Allah ya ƙara wa Ranka-ya-daɗe Sarkin Zagaye lafiya. Ai dole a ba shi, shi da zai tafi Yamai taron yadda za a kawo ƙarshen layin mai.

Haka na turo babur har rumfar Habibu, azahar ta gota, ƙafafuna kamar ba nawa ba.

"Malam Kailu, ga katinka," in ji Habibu. "Na ƙara maka gyara. Fim ɗin manya ne, na ci gaban gari, an ce mu sa wa kowa kyauta. Har hatimi gare shi a farko, wai ya dace da dukan iyali."

"Babu rawa?"

"Ko ɗaya."

"Babu saurayi mai matsowa?"

"Haba Malam! Manyan riguna ne zalla, da jawabi."

Nan shaiɗan ya raɗa mini cewa fim mai hatimi ba ya bukatar kaye. Na gaji, yara suna jira, me za a gani a jikin mutumin da ya sa shadda yadi goma? A shekara huɗu ban taɓa karya dokata ba sai yau. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi.

Muka baje a rumfar tsakar gida, Asta tana tsinar zogale, ƙananan yaran suna kan tabarma, Basiratu ta matso kusa da ni. Fim ya fara da kiɗa mai daɗi. Aka nuno hanya sumul kamar bayan faranti. Na gane wurin, tsawon gyaran taku ashirin ne daidai, in mai kamara ya juya hagu kaɗan zai faɗa ramin da ya karya wa jakin Tahiru maƙwabcina ƙafa. Na yi murmushi na ƙyale. Aka nuno Mai Girma Sarkin Almakashi yana yanka ƙyalle, aka nuno shi yana yanka wani, aka sake nuno shi yana yanka na uku. Bawan Allah nan da tela ne da ya yi arziki.

Sai ƙaramin ya yi tsalle. "Baba, ga unguwarmu! Ga katangar su Tahiru!"

Na tuna.

Bara ne aka zo buɗe famfon unguwarmu. An raba mana huluna da riguna masu hoton ɗigon ruwa. An ɓoye motar ruwa a bayan katangar Tahiru, aka zuro tiyo ta ƙarƙashin ƙasa, duk muna gani. Mai Girma ya murɗa, ruwa ya zubo, mata suka rangaɗa guɗa. Da yamma motar ta tafi da ruwanta da tiyonta. Tun ranar famfon bai ƙara zubar da ko hawaye ba, yanzu awaki ake ɗaurewa a jikinsa. Abin da na manta shi ne, a cikin hayaniyar wani mai kamara ya tare ni ya ce in faɗi albarkacin bakina. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ga hula a kaina, ga riga a jikina.

Na hango ƙeyata ta fara shigowa ta gefen tele. Na yi tari, babu wanda ya kula. Na lalubi abin tsallakewa, ashe Asta ta zauna a kai. Sai na koma ga tsohuwar dabarata.

"Basiratu, maza je ki ɗebo mini ruwa."

"Baba, randa babu ko ɗigo," ta ce, idonta na kan tele. "Mai garuwa bai zo ba yau."

Sai ga ni na cika tele, baki har kunne, ina cewa, "Alhamdu lillahi! Daga yau mu da wahalar ruwa har abada. Ɗiyanmu sun huta da zuwa rijiya. Dare da rana ruwa sai mun ture!"

Asta ta sunkuyar da kai cikin zogale, kafaɗunta suna rawa. Basiratu ba ta yi dariya ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta juyo ta dube ni.

"Baba, lokacin da kake faɗin haka, ka san motar tana bayan katanga?"

Wallahi jama'a, na yi shekara arba'in da bakwai, ban taɓa jin kunya irin wannan ba. Bakina ya kawo amsoshi iri-iri. In ce siyasa ce, yara ba su ganewa. In ce kowa ma haka ya faɗa. In ce an yanke maganata ne. Amma yarinyar nan tana auna ni ne da mudun da na ba ta. In na ƙara wata ƙaryar a kan waccan, kayena da tarina da duk wa'azina sun tashi a banza, ba za ta sake yarda da ni ba ko na ce mata wuta da zafi.

Na ce, "Na sani, ɗiyata. Ƙarya na yi."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta tashi ta shiga madafa, ta fito tana jan bido biyu, ta koma ta jawo biyu, ta jera su a gabana. Asta ce kawai ta ce, "Malam, a gaida rijiya."

To tunda na kalli fim ɗin, bari in sauke nauyin da ke kaina na sanar da iyaye. Faɗa da zubar da jini babu, in ban da ƙyallaye uku da aka yi wa yankan rago. Tsiraici babu, ko wuyan hannun mutum ba ka gani. Sihiri kam akwai shi, ya fi na finafinan aljanu, don a can aljanin yakan bar wa mutum ko da zobe ne. Almubazzaranci akwai, an zubar da ruwan da zai ishi unguwa kwana biyu don a ɗauki hoto. Hukuncina shi ne, kada a nuna wa duk yaron da ya san hanyar unguwarsu. Ya dace da baƙi, da mutanen nesa, da waɗanda suka shirya shi.

Na je aron baro wurin Tahiru, tunda babur babu mai. Ashe shi ma Habibu ya ba shi gyara.

"A'a, tauraron fim da kansa!" ya ce. "Maƙwabci, ina za ka da bido, kai da ruwa sai kun ture?"

"Kai ma na ga hularka a layin gaba kana tafi."

"Ni tafi na yi, ban yi jawabi ba. Kuma ni ban kafa doka a gidana ba, shi ya sa nake zaune lafiya."

Sawu biyu na yi. A na biyun na tarar da Basiratu tsaye a jikin busasshen famfon tana jirana. Ta kama gefen baron muka turo tare, ta ce wai doka ba ta hana a taya mai laifi ba. Haka muka turo shi har gida.

Ni dai na biya nawa. Amma na ƙirga, jimla uku kawai na faɗa a fim ɗin nan, suka ja mini bido takwas. Mai Girma Sarkin Almakashi kuwa minti goma sha ɗaya ya yi yana jawabi. Ranka ya daɗe, ba gaggawa, duk ranar da ka samu sarari, rijiyar tana bayan makaranta, Tahiru kuma ya ce zai ba da aron baro.