Rasuwar Hajiya Rusau, Katafilar Gidanmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannu mai ƙaurin baƙin mai, ni Idris Mai Katafila na Jega Sabon Gari nake sanar da rasuwar Hajiya Rusau, wadda ta cika ranar Talata da hantsi, tana kan aiki.

Marigayiya ta yi aikin soja a ƙuruciyarta, kuma har ta mutu koren fentin bai gama barin ƙeyarta ba. Daga Maiyama zuwa Aliero, babu katangar da ta taɓa yi mata gardama sau biyu. Ba ta san son kai ba, shagon mai kuɗi da rumfar mai shayi duk ture ɗaya take musu. Wa zai manta da “gur-gur-gur, tuf!” ɗinta na safe?

Ajalinta ya zo ta hannun ƙanena Ɗantani. Ya zuƙe mata gas ya kai wa injin ban-ruwan albasarsa a Jiga Birni, ya cike gurbin da ruwan rijiya don kada in gane. Albasa ta yi kyau, Allah Ya sa masa albarka.

Ranar Talata na shigo da ita gidanmu don ta rushe tsohon zaure. Tari ya kama ta, ta zame da baya, ta daki bangon ɗakin mahaifiyata, Inna Altine, ta ce “tuf” na ƙarshe. Bango ya tsage, ya kwanto a kan gawa. Yanzu ita kaɗai ke riƙe da shi da azarar rufi, ga damina ta kawo kai. Na roƙi Inna ta koma ɗakina, ta ce: “Nan anka kawo ni, nan mahaihinka ya cika. Ba ni hita ɗakin ga.” Wallahi tun ranar tsoro bai bar ni ba.

Marigayiya ta bar ni, da bakanike biyu da suka zama marayu, da kaji bakwai masu kwana a ƙarƙashinta.

An ɗage jana'iza sai an tokare bango. 'Yan gwangwan da ke zagaye da sikeli su yi haƙuri. Ana karɓar gaisuwa a ƙofar gida bayan la'asar, kowa ya taho da dirka ɗaya mai ƙwari. Don Allah kada wanda ya jingina da mamaciya, Inna tana cikin ɗakin.