Juna Biyu da Turanci

"Lafiya lau muka tashi, sai dai ganin fuskarka da ya ɓata min safiya," in ji Zaituna, tana jan ƙofar tasin.

"Ni ma da na san baiwata zan ɗauka, da buhu na shimfiɗa a kujerar."

Muniru ɗan kawunta ne, taubashinta tun suna yara a Fagge, kuma duk faɗin Bronx ta birnin New York shi kaɗai take zagi ta ji sanyi a ranta. Yau shi zai kai ta daga Morrisania zuwa kantin da take aiki a Grand Concourse, inda take wuni tana ɗaga katan-katan na mai da shinkafa. Cikinta wata biyar, ta ɓoye shi a zumbulelen hijabi. Na bara a kantin nan ya zube tana tsakiyar ɗaga kaya. Muniru ne ya kai ta asibiti, mijinta yana hanya da babbar mota, kuma har yau bai taɓa tayar mata da zancen ba.

"Ina saƙona, malalaci?"

Ya miƙo mata leda. Ɗamarar 'yan dako ce, mai faɗi, irin wadda ake tamke ƙugu da ita.

"Mai shagon ya tambayi girman mai ita, na ce ya auna firij."

"Da tumbinka ka ce ya auna, da ya ba ka ta raƙumi."

"Tumbina kowa ya san da zamansa, har gaishe shi ake yi a masallaci. Naki fa, wa ya sani?"

Ta juya kai tana kallon titi. Inda aka haife ta mace ba ta faɗin wannan abu da bakinta, balle ga namiji. A ido ake ganewa, a yi shiru, a rage mata aiki.

"Ki saurara, kunnen ƙashi," ya ce. "Wata nas 'yar Jos da nake ɗauka ta ce jihar nan ta yi doka. Mace in tana ɗauke da kaya irin naki, ta nemi sauƙi a wurin aiki, dole a duba mata, kuma ba a korarta a kan haka."

"Labarinka ya kwana. Na riga na nema."

"Ke? Da wane baki?"

"Da wanda nake zaginka. Na samu manaja na faɗa masa."

"Kika ce me?"

Ta daɗe tana murza bakin hijabi. Ranar ta tsaya gaban manajan, kalmar Turancin tana kan harshenta, amma ta ƙi fita. Sai ta ɗauko juna biyu, yadda masu kunya ke faɗa, ta juya shi da Turanci.

"Na ce masa yanzu ni dobul ce."

"Shi kuma ya ce me?"

"Ya ce madalla. Ya ba ni dobul shif, aiki ninki biyu, Asabar da Lahadi."

Muniru ya kifa kai a sitiyari yana dariya har motar baya ta yi masa hon. Ita ma ta so ta yi, ta kasa. Da ya ɗago ya hango idonta a madubi, dariyar ta mutu.

"Kin yi aikin?"

"Na yi. Tun daga ranar bayana yake riƙewa irin na bara."

Tsoro take ji, tsoron da ko mijinta ba ta gaya wa ba. Muniru ya miƙo hannu ya fizge ledar, ya cusa ƙarƙashin kujerarsa.

"Ba ni kayana, ɓarawo."

"Ki matse min ɗa kamar dammin rake? Ba da ni ba. Faɗa kawai za ki yi."

"Ko Inna ban faɗa wa ba."

"Inna a tafiyarki za ta gane. Dokar nan ba ta da ido, kunne kawai gare ta."

"In ya kore ni fa? Bakinka zan ci?"

"Zai iya gwadawa. Amma in kin faɗa, akwai inda za a kai shi. In kika yi shiru, gobe cewa zai yi bai sani ba, kuma gaskiyarsa."

"To ka shiga ka faɗa masa, tunda Allah bai raba maka kunya ba."

"Ni in na shiga, cewa zan yi ni ke ɗauke da abin, ga tumbi shaida, kuma wallahi zai ba ni kujera." Ya tsayar da motar gaban kantin, ya waiwayo yana ƙare mata kallo. "Kai, wahalar da kaina ma nake yi. Ba komai a nan. Tuwo ne da wake. Tun kina yarinya haka kike kumbura in kin sace ɗumamen Inna."

"Muniru, ka kiyaye ni."

"Iska ce. Ki sha kanwa, zuwa azahar ta sace."

"Ciki ne da ni, mara mutunci! Wata biyar, yanzu haka motsi yake."

Ba ta taɓa jin kalmar daga bakinta ba, kuma ga shi ta fita, ba abin da ya faɗo mata a ka. Ta rufe fuska, dariya da hawaye suka zo mata tare.

"Kin ci ni," in ji Muniru, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Saura na Turanci. Kin san shi?"

"Na fi ka saninsa, jahili."

Ya ɗaga jiki ya zaro matashin da yake zama a kai, ya miƙa mata. "Ungo. Kujerar da za su ba ki ba ta da laushi. Ina nan, ba zan tafi ba sai kin leƙo."

"Wari yake yi," ta ce, ta rungume shi ta fita.

Tana shiga ta tarar an sauke sabon kaya a bakin ƙofa. Manajan ya nuna mata katan ɗin farko da yatsa, ko kallonta bai yi ba. Ba ta sunkuya ba, ta nufe shi da matashin a rungume.